Muryar mutumin Jos

Ni na fara gano su, wannan ko mutumin Jos ɗin ba zai musa ba. A shekarata ta farko a Jebel Ali da ke Dubai, ina aikin karɓar kaya a wani sito, na ji hayaniya daga bayan ginin wata Juma'a da la'asar. Na leƙa, sai ga 'yan Filifin uku, direbobin motar ɗaga kaya. Sun jingina tsofaffin katifu a bango don kada ƙara ta fita, suna dukan ganga da jita kamar sun yi musu laifi. Pank suke kiran kiɗan. Waƙoƙin gajeru ne, kafin ka gyara zama an gama, kuma duk a kan fasfo da maigida ya kulle a durowa suke, da ɗakin kwana mai gado kan gado. Ba irin waƙar da ake yi a bainar jama'a ba ce a Dubai.

Mai gangar shi ne babbansu. Ya ba ni tarihinsu tun suna ɗalibai a Manila, yadda 'yan sanda ke tarwatsa musu wasa, yadda mawaƙinsu ya gaji da zafin Dubai ya koma gida. Na haddace komai. Har waƙa na rubuta musu da Hausa, tunda babu manajan da zai gane. Abin da nake so ɗaya ne, su ba ni makirufon nan da ke tsaye ba mai shi.

Na gwada. Tun ina firamare ake yabon muryata. Mai gangar ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Habibi, muryarka ta biki ce."

Kuskurena shi ne kawo abokin ɗakina, wani mutumin Jos mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Shinkafarsu ya biyo ni ci. Muryarsa kamar tsohon janareto, ko a coci na ji an ce baya suke tura shi. Ya daka wa mai jita tsawa ya rage ƙara, sai su ukun suka kalli juna. Kafin magariba makirufo na hannunsa.

Kishi na ji, mai zafi kuwa. Bai san sunan waƙa ko ɗaya ba. Kalmomina yake kurmawa, yana cinye rabi, su kuma suna rungumarsa. A motar komawa masaukinmu a Deira sai ya dafa ni ya ce, "Malam, yau na yi ƙoƙari ko?" In ce ya yi, in juya ina kallon titi.

Da korona ta zo aikinsa ya ƙare, ya koma Jos. Na yi kewarsa, amma da aka sassauta kulle har guga na yi wa rigata kafin in tafi sito. Na tarar an kafa makirufo. Na matsa kusa, na gyara murya.

Mai gangar ya miƙo mini wayarsa. Fuskar mutumin Jos ce a ciki, yana zaune a ƙofar shagon yayansa yana washe baki.

"Riƙe ta nan, daidai makirufo. Yalla, maza."

Na riƙe. Muryar tana yankewa tana dawowa, su ko a jikinsu. Da ya zo baiti na biyu ya manta, kamar kullum, sai na fara raɗa masa. Mai gangar ya ɗaga sanda ɗaya, ya ɗora a leɓensa. Wai muryata tana shiga makirufo.