Ranar da Damman Maƙwabcinmu Suka Ƙone

Jiya na wuce ta bayan kasuwar Tambuwal ana ƙona karan dawa, sai na tsaya cak. Bari in gaya maka dalili.

Ina 'yar shekara tara a ƙauyenmu, gab da Fakku, aka aike ni gona da fura. Lokacin girbi ne, an jera damman gero suna jiran jakuna. Da zan dawo na tsaya gasa gyaɗa a gefen gonar maƙwabcinmu. Iska ta ɗauki wutar. Na doke ta da zanena, ta ƙi. Na ruga gida ban gaya wa kowa ba, ina jin gero yana fashewa a bayana.

Hatsinsa na shekara ya tafi gaba ɗaya. Kafin azahar magana ta bazu cewa makiyayan da suka sauka bakin fadama ne suka sa wutar, don an hana su kiwo a gonar. Maza suka fara taruwa a gindin tsamiya. Ba hayaniya, ba ɗaga murya. Sai dai kowa da sanda.

Kakata ce ta ga ƙunar zanena. Ta ja ni zaure, gaban kakana da baffana, na faɗa cikin kuka.

Kakana mutum ne da ko cikin wasa bai yarda da ƙarya ba. Ya ce, "A tafi a faɗa. Gaskiya wajibi ce, abin da ya biyo baya na Allah ne."

Baffana ya tare ƙofa. Akwai tsohuwar rigimar iyakar gona tsakaninmu da gidan maƙwabcin, shi ya sa ya ce ba wanda zai yarda kuskure ne, za a ce mu muka turo ni. "Baba, duba abin da za shi faru. Makiyayan ga jibi za su tashi. A aika musu su tashi yanzu, ba wanda za a taɓa. In munka faɗi, gida biyu sun rabu ke nan har jikoki."

"Su tafi da laifin da ba su yi ba?"

"Su tafi da ransu dai."

Suka yi ta ja. Kowa na kawo hujja, kuma ni a kunnena duk wanda ya yi magana shi ke da gaskiya. Inuwar katanga ta yi ta tsawo.

Can sai kakata ta matso. Ta durƙusa ta dubi idona. "Ke, ɗiyata. Yau in kinka yi shiru, gobe ma shiru za ki yi, har ya zama halinki. Wace irin mace kike so ki zama?"

Ta kama hannuna, ta ture baffana, muka fita.

Gindin tsamiya ba kowa. Sai takalmi guda da wani ya bari.

Mun iske mazan suna dawowa daga fadama, sandunansu a kafaɗa, ba mai duban wani. Kakata ta tsaya a tsakiyar hanya ta ce in faɗa. Na faɗa. Maƙwabcinmu ya daɗe yana kallona, sannan ya zauna a ƙasa.

Wani saurayi a rugar ya rasa ido ɗaya a ranar. Washegari makiyayan suka kaɗa shanunsu, ba su sake sauka fadamarmu ba. Abin da baffana ya ji tsoro ma bai fasa faruwa ba: har kakana ya rasu, gidan maƙwabcin ba su amsa mana sallama.

Da na je kwaleji na tarar masana sun daɗe da raɗa wa ra'ayin kakana da na baffana da na kakata suna: mai bin wajibi, mai auna sakamako, mai duban hali. Na ci jarrabawar da kyau. Yanzu ni ke koyar da darasin, ɗalibaina kuma kullum sai sun tambaye ni wanne ya fi. Nakan ba su amsar da ke cikin littafi.

Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne, ni na san inda tsamiyar take, ƙafata kuma lafiyarta lau. Tun kafin azahar zan iya zuwa ni kaɗai.