Ranar da Sista Ba Ta Yi Faɗa Ba

Sista ta girmi ginin makarantar, don tana nan aka rushe tsoffin azuzuwa aka gina sababbi. Ɗakinta na bayan sito: gado ɗaya da aka tokare ƙafarsa da bulo, kabad mai warin magani, da ƙusar da take rataye sallayarta. Yaran da ta wanke wa ciwo sun girma har sun kawo mata nasu. Mijinta, Allah Ya jiƙansa, yakan ce ko atishawa ya yi sai ta auna masa zafin jiki.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Ta kusa ritaya, ba a kuma turo wata nas ba. In yaro ya yanke jiki ya faɗi bayan tafiyarta, wa zai san abin yi? Sai ta ƙirƙiro atisaye. Ba sanarwa, tana cikin tafiya sai kawai ta zube ƙasa, kowa ya kama aikinsa: Hedimasta ya duba numfashi ya kwantar da ita a gefenta, malamin lissafi ya kira asibiti, Baba mai gadi ya wangale ƙofa. Kiran na wasa ne, hannu ake karawa a kunne, tun ranar da malamin ya kira da gaske, motar asibiti ta zo ta tarar da marar lafiya tana shan shayi.

Ba a taɓa ganin sumamme mai faɗa irinta ba. Tana kwance za ta buɗe ido ɗaya.

"Yallaɓai, buhun siminti kake juyawa? Tallafi kaina! Kai kuma Baba, wa ya ce a ba sumamme ruwa? Shaƙe ni za ka yi?"

Wata safiya ta sha maganin sugarta, kafin ta karya aka kawo mata yaro ya fasa goshi. Ta manta da abinci. Da hantsi, a gaban ofis, ƙasa ta juya mata, ta faɗi. Tana jin muryoyinsu kamar daga ƙasan rijiya, amma harshenta ya ƙi motsi.

"Haba Sista, yau ma?" in ji Hedimasta. "Yanzu fa na zauna."

"Amma yau ta iya faɗuwa, wallahi," Baba ya ce, yana jan takalmi zuwa ƙofa. "Ko wuri mai tsabta ba ta zaɓa ba."

Malamin lissafi ya kara tafin hannu a kunne. "Halo, asibiti? I, ita ce dai. A gaida yara."

A zuciyarta ta ce, wayar gaske, ɗan nan! Ta kama salati, tana tunanin yau atisayenta zai kai ta lahira.

Hedimasta ya saurari numfashinta, ya mirgina ta, kanta ya ɗan bugi siminti. Ya runtse ido yana jiran faɗa. Shiru. Ya buɗe ido ɗaya, ya dube ta.

"Baba," ya ce da ƙarfi don ta ji, "kawo ruwa mu ɗura mata."

Shiru. Ya taɓa goshinta, ya ji zufa mai sanyi.

"Innalillahi! Malam, sauke hannun nan ka ciro waya! Ba ta yi faɗa ba!"

Da motar asibiti ta iso, ƙofa na buɗe, Sista na kwance a gefenta yadda ta koyar, kanta a kan hular Hedimasta.

Ta farfaɗo da ledar ƙarin ruwa a saman kanta, su ukun sun jeru a gaban gado kamar masu jiran bulala.

"Wa ya ce a ɗura min ruwa?"

Baba ya nuna Hedimasta da haɓa.

"Gwada ki na yi, Sista."

"Ka kuma buga min kai."

"Alhamdulillahi," Hedimasta ya ce yana share ido, "ta warke."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Ba laifi," kalmar da ba su taɓa ji daga bakinta ba.

Ta yi ritayarta da kwanciyar hankali. Yanzu Hedimasta ne ke zubewa a tsakar makaranta, malamin lissafi na tsaye a kansa da wayar gaske a hannu. Baba ya ce Hedimasta ya fi Sista faɗa, ga nauyi.