Inuwar Turken Baba

Shekarun baya, lokacin da yanar ido ta rufe wa mahaifina gani, ni na zama idonsa, kuma wallahi na ji jiki.

Shi ne ladanin wani ɗan masallaci a Tudun Wada tun kafin a haife ni. A harabar akwai turken ƙarfe da ya kafa da hannunsa, da shi yake gane lokaci. In inuwar turken ta gama tsukewa ta fara miƙewa gabas, Azahar ta yi. In ta ƙaru da tsawon turken kansa, La'asar ke nan. Sauran salloli yana bin kiran babban masallaci, amma waɗannan biyu sai inuwa.

Da ido ya tafi, sai kuskure ya shigo. Ranar da ya kira La'asar mutane ba su daɗe da idar da Azahar ba, shugaban kwamiti, wani dattijo mutumin Bida, ya ja ni gefe ya ce, "Babanka ya yi ƙoƙari, amma in aka sake, za mu ba wani lasifikar." Ni kuwa na san in aka raba tsohon nan da lasifika, an gama da shi.

Na sayo masa waya mai kiran salla. Ya shafa ta, ya miƙo mini abata. "Ni ba na kiran salla da umarnin batir. Ka riƙa zuwa kana duba mini inuwa."

Ga shagon ɗinkina can Sauka Kahuta. Kullum sai in ajiye almakashi, in hau mashin cikin ranar Minna, in zo in tsuguna gaban ƙarfe kamar wanda allurarsa ta faɗi, in ce, "Baba, ta yi." Ya kira, mu yi salla, in koma, La'asar in sake dawowa. Masu kawo ɗinki suka fara guduna. Maƙwabciyar shagona, 'yar kudancin Kaduna, da ta ga na ɗauki makulli sai ta ce, "Oga tela, za a je gaishe da inuwa?" Ko ƙarfin dariya ba ni da shi.

Wata rana da damina hadari ya rufe gari, na iso sharkaf. Na ce, "Baba, yau fa babu inuwa ko ta magani."

Ko a jikinsa. "To, me wayarka ta ce?"

Na duba na ce lokaci ya shiga. Ya dafa bango ya tashi ya kira.

Bayan sallama na kasa haƙuri. "Haba Baba! Ashe ka yarda da waya? To wahalar me nake sha duk watannin nan?"

Bai bar jan carbinsa ba. "Na san lissafinta daidai ne. Amma da ina gani, sai in yi wata ban ji muryarka ba. Kuma waya ba ta tsayawa kusa da ni a sahu."

Na hau mashin na koma shago. Na ci gaba da zuwa har Allah ya karɓi abinsa. Ba zan yi muku ƙarya in ce na daina gajiya ba, har ƙarshe ina mita a hanya.

Yanzu an cire turken, an shafe harabar da siminti. Wayata ba ta taɓa saɓa lokaci ba. Amma har yau in ta kira Azahar, makullin mashin hannuna yake fara laluba, sannan in tuna babu mai jiran in ce masa ta yi.