Ranar da Baba ya ci taliya da hannun hagu

Akwai wata rana a zamana na Amurka da nake jin ko tsufa ya kwashe mini komai, ita ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ba biki aka yi ba, ba kuma wani tashin hankali ne ya faru ba. Abinci kawai muka ci, ni da mahaifina, a wani ɗan gidan abinci da aka buɗe sabo a garin Wheaton.

A lokacin ina aiki a wani kantin magani, maigidana kuma yana koyarwa. Baba ya zo wurinmu ne daga Zariya bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki, wadda ta taɓa masa gefen dama. Ƙafar ta dawo a hankali, har yana takawa da sanda, maganarsa ma ta washe, amma hannun dama ya ƙi. Yana nan a rataye, yatsun a dunƙule.

Wanda bai san Baba ba ba zai gane girman wannan abu ba. Tsohon hedimasta ne, mutum mai tsafta da tsari, wanda ko ɗigon miya ba ka taɓa gani a rigarsa. Mu duka a gabansa muka koyi cin abinci. Yaro ya kai hannun hagu cikin kwano, kallo ɗaya Baba zai yi masa ya janye. To sai ga shi yau hagun ce kaɗai ta rage masa.

Ya san lalura ce, ya fi ni sanin hukuncin. Kunya ce take cin sa. Idan ya ɗauki cokali da hagu sai hannun ya yi ta rawa, abinci ya zube a ƙirjinsa. Na saya masa ƙyallen da ake ɗaurawa a wuya, ya dube shi ya ce, "Uwata, wannan ai na jarirai ne." Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ce to in ba shi a baki, ya ce wannan ya fi muni. Daga nan ya daina fitowa tebur. Sai in kai masa tire ɗaki, ya rufe ƙofa, in dawo in tarar ya ɗan taɓa shayi da biredi ya bar sauran. Na yi tuwo, na yi fate, na nemo kuka da daddawa a shagunan 'yan Afirka, duk a banza. Yana ta ramewa, kaftaninsa ya zama kamar na aro. Likitarsa ta ja ni gefe ta ce idan aka ci gaba a haka, gashin ƙashin da ake masa ba zai yi amfani ba, kuma za a fara maganar ba shi abinci ta roba. Shi kuwa ya fara cewa in nema masa tikiti, gara ya koma gida ya jira lokacinsa.

Ranar da nake ba ku labari, mun fito daga wurin gashin ƙashi da azahar, sai ruwa ya tsuge. Motar tana hannun maigidana, ya bugo ya ce taro ya riƙe shi, mu samu wuri mu fake. Ni kuma tun safe ban sa komai a cikina ba. Kusa da inda muke tsaye akwai sabon shago, an jera furanni a ƙofa, wani ƙamshi yana fitowa duk lokacin da aka buɗe. Gidan ramen ne, wato taliyar Japanawa da ake zubawa cikin romo mai zafi. A wancan lokacin ne irin waɗannan shaguna suka fara yawa a yankinmu, abokan aikina suna ta zancensu, amma ban taɓa shiga ba.

Baba ya lura ina kallon ƙofar. Ya ce, "Shiga ki ci abinci mana. Ni sai in zauna in jira ki."

Wurin ƙarami ne, tebura kaɗan, kuma duk sun cika. Wata matashiya mai hidima ta kai mu wani dogon kanta da ke fuskantar masu girki, inda mutane ke zaune a jere kafaɗa da kafaɗa. Ta nemo wa Baba kujera mai majingina, ta karɓi sandarsa ta jingine. Kafin in duba komai na tambaye ta da me suke yin romon. Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce babbar tukunyar ƙashin alade ce, ta kaza ma ana ɗan haɗa mata da shi, amma akwai ta ganye zalla, wadda tukunyarta da ludayinta daban suke, kuma babu giya a kayan haɗinta. Na fassara wa Baba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yarinyar nan tana da gaskiya." Na ce a kawo mini ta ganyen.

Muna jira sai na ga Baba yana ta kallon mutumin da ke gefensa. Wani ƙaton Bature ne mai furfura, cikin kwat mai tsada, ya jefa laktayensa bayan kafaɗa. A wuyansa kuwa an ɗaura masa wani farin ƙyalle na takarda da ya rufe masa ƙirji. Ya sunkuyar da kai cikin kwano yana zuƙar taliya da ƙara, fuuut, fuuut, romo yana fallatsa ko'ina. Gaba da shi wata mata ce da kayan asibiti, ita ma da nata ƙyallen, ta ɗaga kwano da hannu bibbiyu tana kurɓa. Duk layin haka yake.

Baba ya matso ya rage murya. "Uwata, wannan babban mutum haka? Ba wanda zai yi masa magana?"

Na tambayi yarinyar, ta yi dariya ta ce ai haka ake ci, mai girki ma ya fi jin daɗi idan ya ji ana zuƙa. Ƙyallen kuma kowa ake ba, don ba wanda yake gamawa bai ɓata riga ba. Na gaya wa Baba. Ya ci gaba da kallo.

Aka kawo kwanona yana tururi. Taliya a ƙasa, a sama masara, lawashin albasa, ganye, da wasu farare masu kusurwa huɗu. Baba ya leƙa ya ce, "Wannan ba awara ba ce?" Na ɗanɗana na ce wallahi ita ce. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe su ma suna yi." Na fara ci, ko in ce na fara kokawa, don tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su sun gagare ni. In ɗauko taliya ta sulluɓe, in sake ɗaukowa ta faɗa cikin romo ta fesa mini a mayafi. Na ji Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci, wadda na daɗe ban ji ba.

Can sai ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Ce mata ta kawo mini irin naki. Da ƙyallen."

Yarinyar ta kawo kwanon da cokali mai yatsu da wani cokali mai zurfi, ta ɗaura masa ƙyallen a wuya kamar yadda ta ɗaura wa kowa, ta wuce abinta. Baba ya yi bismilla, ya ɗauki cokali mai yatsun da hagu. Ya naɗo taliya, ya ɗaga, ya kusa kai baki sai ta kuɓuce ta faɗa cikin kwanon. Romo ya yi tsalle ya sauka a hannun kwat ɗin Baturen nan.

Baba ya ajiye cokalin. Na ga fuskarsa ta koma irin wadda nake gani idan zai rufe ƙofar ɗaki. Ya ce wa mutumin ya yi haƙuri, da Turancinsa na tsofaffin malamai. Mutumin ya dubi hannun rigar, sannan ya ɗaga ɗaya hannun ya nuna wa Baba, ashe shi ma duk ɗigon romo ne. Ya ce shi tun zuwansa na farko ya sallama rigunansa. Sai ya ƙara da cewa sirrin abin shi ne ka jawo kwanon kusa, ka kai bakinka wurin taliyar, kada ka jira ta zo maka. Yana faɗin haka ya mayar da kansa cikin nasa kwanon, bai sake waiwayowa ba.

Na miƙa hannu zan gyara wa Baba kwanon, ya ce, "Uwata, ci naki."

Na ci nawa. Na kafe idona a kan masu girki, ina kallon yadda suke tsame taliya suna kaɗe ruwan, amma kunnena yana gefena. Na ji an ja kwano a kan katako. Sannan na ji fuuut, a hankali, kamar mai gwaji. Aka jima na sake ji, wannan karon da ƙarfi. Hawaye suka cika mini ido, na bar su suka gangara, don wurin da zafi, kowa hancinsa na zuba, ba wanda zai ce kuka nake.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da na juya, Baba ya cinye taliyar da awarar, ya tallabo kwanon da hagu ya jingina shi da ƙirji yana shan romon. Ƙyallen ya jiƙe sharkaf, har gemunsa da wuyan kaftanin sun samu rabonsu. Ya sauke kwanon, ya yi hamdala, ya ce, "Da sun sa yaji da ya fi haka." Lokacin da maigidana ya iso ya ga kwano biyu babu komai, ya dube ni, na girgiza masa kai alamar kada ya ce uffan.

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba. Hannun dama bai dawo ba har Allah ya karɓi ransa bayan wasu shekaru, a gidansa a Zariya. Amma washegari ya fito tebur da kansa, ya zauna a gefena, ba gabana ba, ya ce a ba shi tawul. Yarana, jikokinsa, suka ci abincinsu suna surutunsu na Turanci, ba wanda ya kula da abin da ya zube. A hankali jikinsa ya dawo, maganar roba ta wuce, ya gama gashin ƙashinsa, ya koma gida da ƙafafunsa.

Abin da na koya shi ne, babban mutum idan ciwo ya kayar da shi, ba magani da abinci mai daɗi kaɗai yake buƙata ba. Yana buƙatar wurin da zai zauna a matsayin mutum kamar kowa, ya yi kuskurensa ba tare da idanun masu tausayi a kansa ba. Tun daga lokacin, idan Allah ya haɗa ni da mara lafiya, nakan yi masa abin da ya roƙa, sauran kuma in bar masa, in zauna kusa da shi in ci nawa.