Yadda Surukina Ya Haska Ɓarawon Albasa

Lokacin da na fara aikin fitilar dandamali, a zamanin da kowace unguwa take da samariyarta, wato ƙungiyar matasa, da 'yan wasan kwaikwayonta, kayan aikinmu sai da amalanke suke ɗaukuwa. Akwai wani akwatin ƙarfe mai hannaye goma sha biyu, kowane hannu da fitilarsa: ka ɗaga shi haske ya ƙaru, ka sauke ya ragu. Da irin wannan akwati na ci abinci a Yamai da Wagadugu da Abijan, na kuma gan shi a Kano. Ko'ina da sunan da ake kiransa, amma halinsa ɗaya ne. Nauyinsa ya kai buhu biyu na simintin Malbaza, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya ce in ara masa shi. Yau duk aikin ya koma cikin salula. Ku da kuka shigo sana'ar yanzu sauƙin kawai kuke gani. To akwai wata rana a Badagishiri da har in mutu ba za ta fita raina ba, gara ku ji ta daga bakina kafin ku ji ta wajen masu ƙara gishiri.

Ga wanda bai san aikin ba, abin haka yake. Ana sa wa salula wata manhaja, wadda samari ke cewa aplikasiyo. Salular tana magana ta iska da wani ɗan akwati da bai fi sabulu girma ba, shi kuma waya ce ta haɗa shi da fitilu. Tun wajen gwaji mai fitila yake shirya hasken kowace fitowa ya ba shi lamba: ɗaya hantsi, uku la'asar, biyar duhu, haka har ƙarshen wasa. Ranar wasa sai dai ya taɓa lamba. A ƙarƙashin lambobin akwai wasu layuka a tsaye kamar tsani, waɗanda ake ja da yatsa a canza launi ko ƙarfin haske. Kuma ana hana fuskar salular mutuwa, don kada ta kulle ana tsakiyar aiki.

'Yata Rabi ce ta sa mini manhajar. Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Badagishiri, ita ce kuma shugabar wata ƙungiyar wasan kwaikwayo. A ranin shekarar aka shirya gasa tsakanin ƙungiya uku, ta Ƙonni da ta Malbaza da tasu, wadda ta ci ita za ta tafi Tawa zagaye na gaba. Wata uku Rabi ta yi tana horar da mutanenta a kan wani wasa da ta rubuta na ɓarawon albasa. Ta ce mini, "Baba, 'yan Malbaza sun fi mu murya, 'yan Ƙonni sun fi mu kayan sawa. Mu haske za mu nuna masu." Na ce ta kwantar da hankalinta, mutumin da ya haska dandamali a Abijan ba filin lakwal zai ba shi kunya ba.

Aka fara bayan sallar isha'i. Na zauna gefen layin gaba da salulata a hannu. Abin da ban sani ba, Rabi ta gayyato kakanta na wajen uwa, wato surukina, dattijo mai shekara tamanin da ɗoriya, aka ajiye masa kujera taku uku daga inda nake. Shekara arba'in ke nan da ya ba ni 'yarsa, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ni ma ga furfura, amma in na hango shi takalmi nake cirewa.

Wasa ya yi kyau har lamba huɗu. Fitowa ta biyar ita ce zuciyar wasan: manoma biyu suna gadin rudu, wato rumbun da ake ajiye albasa, duhu ya rufe, ɓarawo ya lallaɓo ta bayansu. Wani tela, Idi Dogo, shi ne ɓarawon. Na taɓa lamba biyar, duhu ya sauka, fili ya yi tsit.

A cikin tsit ɗin nan na ji muryar surukina. Ba da ni yake ba, don shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye. Da iska yake.

"Wa ad da salula nan kusa? Tawa ta mace, kuma saniyata na bisa haihuwa wajen Jaɓɓo can Dogarawa."

Wanda ke kusa da shi, wani mai neman lada, ya ce, "Ga ta surukinka nan, Alhaji, har walƙiya takai."

Jama'a, na iya cewa a'a da harshe biyar. A Wagadugu na yi aiki da wani Bature da ya buge hannun babban baƙo don ya taɓa masa akwati, kuma ba wanda ya ga laifinsa. A Abijan sai ka ce "yi haƙuri, ina aiki," magana ta ƙare. Amma a duk harsunan nan ban sami wanda ake ce wa suruki a'a da shi ba. Kafin in yi tunani ƙafafuna sun cire takalmi, gwiwoyina sun durƙusa, hannuna biyu sun miƙa salula.

Dattijo ya karɓa, ya matso da ita kusa da hanci, ya ɗora babban yatsa yana neman inda ake buga lamba. Yatsan ya sauka a kan lamba ɗaya.

Hantsi ya buɗe a kan dandamali, fari fat. Ga Idi Dogo a tsaye da ƙafa ɗaya a sama, buhu a kafaɗa, taku biyu bayan masu gadi. Su kuwa abin da aka koya masu shi suka riƙe. Na farko ya dubi sama ya ce, "Kai, duhun yau ko tafin hannunka ba ka gani."

Fili ya fashe. Wata mata daga baya ta yi kururuwa, "Ga shi nan bayanka, makaho!" Wani ya ce, "Ku waiwaya, 'yan banza, albasa za ta tahi!"

Surukina bai ko ɗaga kai ba. Ya ga lambar ba ta shiga ba, sai ya fara jan tsanin nan da yatsa, sama da ƙasa, kamar mai sosa wa akuya wuya. Dandamali ya yi ja, ya yi kore, ya yi shuɗi. Can ya taɓo walƙiyar da muka tanada don ruwan sama na ƙarshen wasa. Mai gadi na biyu ya ɗaga hannu ya ce, "Hadari cikin rani? Allah Ya sa alheri ne." Idi Dogo kuwa ƙafarsa ta gaji. Ya sauke ta, ya dubi jama'a, ya dubi masu gadi, ya ce, "Sannunku da gadi."

Ni ina durƙushe, zufa tana bin gemuna. Salula tana taku ɗaya daga hannuna, amma da in miƙa hannu in karɓe ta gara ƙasa ta tsage in shige. Na yi gyaran murya. Mai neman ladan nan ya ce, "Yi haƙuri mana, bai samu Jaɓɓo ba tukuna."

Sai ga Rabi ta zagayo daga bayan zana a sunkuye, idonta jawur. "Baba, mi ya faru?" Da leɓe na nuna mata. Ta duba, ta gane. Abin da ya gagare ni shekara arba'in, ita a matsayinta na jika wasa ne a wurinta. Ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Kai angona, ba ka kawo ko goro ba, ka zo ka watsa mini biki? Kawo nan, tsoho mai ran ƙarfe!"

Ya ce, "Ke amarya, amshi tarkacenku. Salular ubanki ko wurin buga lamba babu, sai tsani-tsani."

Ta fizge ta cusa mini a hannu. A nan ne na yi nawa kuskuren, wanda ba zan ɗora wa kowa ba. Don ruɗewa na koma inda muka tsaya, na taɓa lamba biyar. Ashe 'yan wasa sun riga sun tsallake zuwa fitowa ta shida, inda ake kama ɓarawo da asuba a yi ta kokawa, wurin da suka fi wahalar koyo. Duhu ya sauka a kansu. Jama'a sun ga sata da rana tsaka, kamun ɓarawo kuwa sai dai suka ji shi da kunne: gurnani, faɗuwar kwando, da muryar Idi Dogo yana cewa, "A hankali, wannan ƙafata ta gaske ce!"

Alƙalan gasa uku ne. Babbansu, wani sufeton lakwal mutumin Damagaram, ya share hawayen dariya ya ce bai taɓa jin daɗin wasa haka ba, amma ka'ida ka'ida ce, ba su ga ƙarshen labari ba. 'Yan Malbaza ne suka tafi Tawa. Haskensu ƙwan fitila biyu ne ɗaure a jikin gora.

Mako guda Rabi ba ta ce mini komai ba sai "ina kwana," shi ma a tsaye. Idi Dogo har yau a kasuwa "Sannunku da gadi" ake kiransa, kuma ya ce ɗinki ya ƙaru masa. Surukina kuwa ya aiko wa matata saƙo washegari: saniya ta haihu lafiya, kuma a gaya wa mai fitila ya canza salula, tasa ba ta da amfani.

Abin da na koya shi ne, waɗanda suka ƙera manhajar nan sun yi tunanin ɗaukewar wuta, sun yi tunanin mutuwar batir, amma ba su yi tunanin suruki ba. A ƙasarmu salula kamar buta take a ƙofar masallaci, wanda ya gan ta a hannunka yana da haƙƙin ara, kuma ba na fatan wannan hali ya bar mu. Mai fitila ne zai yi wa kansa dabara. Tun daga ranar salula biyu nake zuwa aiki da su. Ta fitila na cire mata layi, na ɗaura mata igiya, tana rataye a wuyana cikin riga. Ɗayar ƙarama ce mai maɓallai, cike da caji, tana kan tebur don duk wanda saniyarsa ke kan haihuwa.