Kwandon Inna Saratu a gaban bagade

Shekara tara ke nan da muka rufe mahaifiyarmu, Inna Saratu. Na so in rubuta wannan waiwaye da sanyin zuciya kamar yadda aka saba, amma abin ya ƙi. Raina a ɓace yake, kuma ƙanena Iliya ne ya ɓata shi, a kan kwandonta.

Duk wanda ya zauna unguwar Minanata a wancan lokacin ya san kwandon nan. Na kaba ne, hannunsa ya taɓa tsinkewa ta ɗaure shi da ƙyallen atamfa. Abin da ke ciki bai wuce fulas na kunun tsamiya da kofi da cokali ba. Inna ba matar fasto ba ce, ko a zumuntar mata ba ta taɓa riƙe muƙami ba, Littafi Mai Tsarki ma da yatsa take bin sa. Amma ta riƙe koyarwar nan hannu bibbiyu, cewa Ubangiji Yesu bai keɓe wa manyan ikilisiya addu'ar warkarwa ba, kowane mai bi na iya ɗora hannu a kan marar lafiya ya roƙa, Allah kuma ya ji. Da ta ji an ce wance na kwance, sai ta dama kunu ta ɗauki kwando. Maƙwabtanmu Musulmi ma sukan aiko a kira ta, don sun san ba wa'azi za ta je yi musu ba.

Ba ta fara addu'a daga shiga. Sai ta zauna bakin tabarma ta ce, "Mi kin ka ci yau? Ina maganin likita?" In an miƙo mata, ta zuba ƙwayoyin a tafin hannu, ta rufe da ɗaya hannun, ta yi addu'a a kansu ƙasa-ƙasa, sannan ta bayar a haɗiye da kunu. Sai bayan haka ta ɗora hannu a goshi. In ta tarar babu magani a gidan, to addu'ar ranar a cikin keke napep za a yi ta, a hanyar asibiti.

Kada wani ya ɗauka ban yarda da al'ajibi ba. Na gani da idona. Maƙwabciyarmu Rifkatu, a haihuwarta ta fari, jini ya ɓalle mata har ma'aikatan asibiti suka ce a sanar da danginta. Inna ta durƙusa a baranda, kwando a gefenta, ba ta ɗaga murya ba. Jinin ya tsaya, Rifkatu ta tashi. Da mutane suka fara cewa hannun Inna ne, sai ta haɗe rai ta ce a daina, a gode wa Allah, a kuma je a gode wa waɗanda suka ba da jini. Tun daga ranar Rifkatu ba ta iya ganin kwandon nan ba tare da idonta ya cika da ƙwalla ba.

Bara Iliya ya buɗe wurin sujada nasa a wani shago a Runjin Sambo, da lasifikar da ta fi shagon ƙarfi. Ya zo ya roƙe ni kwandon, wai yana so ya riƙa tunawa da Inna, na ba shi. Ashe gaban bagade, teburin sujadarsa, ya kai shi. Koyarwar da yake yi ta Inna ce, cewa kowane mai bi na iya yin al'ajibi ta wurin bangaskiya da addu'a, sai dai ya ɗaura mata jela: wai wanda ya gaskata da gaske ba ya ajiye magani a ɗaki, ajiye shi shakka ce. Ana tsakiyar sujada sai a kaɗa ganga, masu ciwo su fito ɗaya bayan ɗaya su jefa magungunansu a kwandon, jama'a na tafi da guɗa. Kwandon da ya ƙare rayuwarsa yana raka mutane asibiti! A waya aka nuna mini bidiyon abin.

A cikin bidiyon har da Rifkatu, wadda ta daɗe tana fama da hawan jini. Ba Iliya ta bi ba, na san wannan, kwandon ta bi. Ta jefa maganinta, ta ɗaga hannun hagu sama tana kuka, aka ɗauki hotonta aka buga a ƙyallen talla a ƙofar shagon, an rubuta an warkar da ita. Na je gidanta na yi magana har bakina ya gaji, ta ce mini kwandon Inna ba zai cuce ta ba. Damina ba ta ƙare ba ta yanke jiki ta faɗi tana shanya. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye.

Na sami Iliya ranar Lahadi, an tashi sujada amma mutane ba su watse ba. Na tambaye shi ko ya je duba Rifkatu. Ya gyara kwat, ko kunya babu, ya ce, "Yaya, bangaskiyarta ce ta yi rauni." Na ce ya faɗa mini rana guda da ya ga Inna ta raba marar lafiya da maganinsa. Sai yaron da Inna ta goya zuwa asibiti lokacin ƙyanda ya dube ni ya ce wai ita ba ta kai matakin da Allah ya kai shi ba. Tir! Na juye kwandon a kan teburinsa, na ce duk mai magani a nan ya zo ya ɗauki abinsa. Wani tsoho kaɗai ya taso, yana sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da sata. Na ɗauki kwandon na fita, sauran suka bi ni da kallon tausayi, wai Shaiɗan ne ya shige ni.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta yi da ta ga wannan zamani, da masu bi ke tafa wa mai ciwo don ya yar da maganinsa, in ya faɗi kuma a ce laifinsa ne. Ba za ta yi hayaniyar da na yi ba. Za ta tsince ƙwayoyin nan ne ta bi gida-gida tana neman masu su, Iliya kuwa kallo ɗaya za ta yi masa ya nemi wurin zama. Ni ban gaji haƙurinta ba. Kwandon na gada, da yadda ake dama kunu.

Yanzu kowace safiya nakan ɗauke shi zuwa gidan Rifkatu. Ranar farko da na miƙa mata ƙwayoyin da asibiti suka sake rubuta mata, ta datse baki. Da harshen da ba ya juyawa sosai ta tambaye ni, "Allah ba shi fushi da ni?" Ban iya wa'azi ba. Na zuba su a tafin hannu, na rufe da ɗayan, na yi addu'a ƙasa-ƙasa. Ta daɗe tana kallon hannuwana, sannan ta buɗe baki. Rabin kunun ta gefe yake zubowa, ina sharewa da bakin zane, ina ɗora mata hannu a goshi ina roƙo, don har gobe na yarda Allah na iya tashe ta.

Abin da ya rage na Inna ke nan, kuma ya ishe ni. Jiya na bi ta Runjin Sambo a keke, ƙyallen tallan na nan a ƙofar shagon, ba a sauke shi ba. Hoton Rifkatu na jikinsa tana ɗage da hannun hagu, hannun da nake ɗaga mata kullum in sa mata riga.