Tukunyar Kwal a Bayan Kujerar Matata

A shekarun da na yi a Riyad, aikina a wani ɗakin gwaji shi ne kula da kwal, gawayin nan da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ka ɗauke shi a hannu sai ka ce dutse ne, alhali cikinsa duk ƙananan ramuka ne da ido ba ya gani, maƙare da iskar gas mai kama wuta. Muddin yana cikin sanyi, a matse, yana riƙe da abinsa. Ya ji zafi kuwa, sai ya fara amayarwa. Shi ya sa ake kawo mana shi a kulle cikin tukunyar ƙarfe mai agogo a ka, allura na nuna ƙarfin iskar.

Wata rana da rani aka aike ni ɗauko tukunya ɗaya. Ranar kuma matata ke da awon ciki, wata takwas, ga shi lokacin mata ba sa tuƙi a ƙasar. Sai na yi dabarar malalaci: na sa tukunyar a but ɗin mota, na biya gida a unguwar Al-Badi'a na ɗauki matar, da nufin in sauke tukunyar a wurin aiki mu wuce asibiti, ban ce mata uffan ba. Wai ni mai wayo.

Cunkoso ya riƙe mu. Muna isa ƙofar wurin aiki ana kiran Azahar, mai gadi ya datse ƙofa ya tafi masallaci. Na buɗe but in duba, zafi ya buge ni kamar an buɗe tanda. Allurar da na bari a ƙasa tana dab da jan layi. Inna lillahi! Wallahi na tsorata irin tsoron da ban taɓa ji ba. Idan murfin ya saki, tartsatsi ɗaya ya ishe mu.

Na ce, "Hajiya, fito ki yi nisa. Yanzu!"

Ta fito tana dafe da ƙugu. "In yi nisa ina, Malam, a ranar nan? Mene ne a ciki?"

Na gaya mata a gurguje. Ba inuwa ko ta sandar lantarki, ƙarfen kuma ba ya taɓuwa. Ta leƙa, ta ce, "Zafi ne kawai ba ya so?" Na ce e.

Ta zaro sallayarta daga jaka, ta juye mata gorar ruwan da za ta sha, ta miƙo mini. "Naɗe shi, yadda Inna ke wa jarka da jiƙaƙƙen buhu." Na naɗe, na ciccibo tukunyar na ajiye a gindin katanga. Iskar Riyad busasshiya ce, nan take sallayar ta fara sanyi. Ina fifita da kwali ina salati, ita kuma tana tsaye a bayana, ta ƙi matsawa. Allurar ta tsaya. Can ta ɗan sauko. Da mai gadi ya dawo ya buɗe, na shigar da tukunyar ciki.

Da muka kama hanyar asibiti, ta ɗora hannunta a kan cikinta. Sai ta ce, "Tun daga gida ka san abin da ke bayan kujerata?"

Na ce, "Na sani."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. 'Yar da ke cikin nan ta girma har tana zuwa makaranta, amma har yau uwarta ba ta shiga motata sai ta buɗe but ta duba da idonta.